Sunan Na Bakwai

Talatuwa ta dawo daga Indiya ran Alhamis
da takardar haɗa magunguna da ɗan turare.
Ta iske ni a shago, nan Ƙofar Marusa,
ina fama da wuyan wata riga.
Ta ce, Kawu, aje allura ka gani.

Wani tsoho ne zaune bisa rairayi,
jan rawani, gashin baki ya murɗe kamar ƙahon rago,
ya rungume wani abu mai tumbi, rufe da fatar akuya,
yana jan baka bisa tsirkiya.
Yaro a gefensa na kaɗa 'yan katakai cikin tafi,
ƙas ƙas ƙas, kamar ƙanƙara a kan kwano.
Ko kalma ɗaya ban gane ba.
Amma da ya kai murya sama, ya karya ta, ya sako ta a hankali,
sai ga jini a yatsana,
ban san sa'ad da allura ta shiga ba.

Ta ce Manganiya ake ce musu,
wai ma'anarsa masu roƙo.
Na ce, maimaita.
Ta ce, masu roƙo. Musulmi ne, kuma gado ne,
kowane gida da gidan da yake yi wa waƙa,
ran suna, ran biki, ran rashi, suna bakin ƙofa
riƙe da sunayen kakannin da jikoki suka manta.
Na ce, to ai maroƙa ke nan,
ashe har bayan teku Allah ya yi irinmu.

Irinmu, in ji ni,
ni da na shekara talatin ina ce wa mutane
ubana manomi ne.

Ilu Maigoge, ɗan Nabara.
Fatar guza, izgar doki, ƙaro a aljihu.
Shi ke riƙe da gidan Madugu Ɗankaka,
kaka goma sha ɗaya, ba ya tuntuɓe,
wanda ya kai jakai Gwanja, wanda kogi ya ci,
wanda ya ciyar da unguwa shekarar fari.
In ya jero su, tsofaffi sai su sunkuyar da kai.
Ni kuwa 'yan ajinmu ke bina da tafi,
ɗan maroƙi, nawa aka liƙa wa babanka?
Ranar da ya miƙo mini izga
na maida hannuwana baya.
Bai ce uffan ba. Ya shafa ƙaro, ya ci gaba.

Bara wani jikan Madugu ya tsaya da mota,
ya tuɓe takalmi a ƙofar shagona,
ya ce an ce a gidanku asalinmu yake.
Na fara ƙirga masa. A na huɗu na cije.
Ya aje mini kuɗi duk da haka,
kuɗin suka kwana suna ƙuna a aljihuna.

Yau bayan isha'i na buɗe ɗakin shirgi,
Talatuwa na haska mini da wayarta.
Gogen na nan cikin buhu.
Gara ta taɓa wuyan, ɓera ya gama da izgar,
fatar ta tsage kamar faso.
Na ɗora shi a cinya, ba sauti,
amma bakina ya soma motsi:
Ɗankaka, ɗan Jatau, ɗan Barmo,
ɗan Gagare mai jakai ɗari,
ɗan Kyauta, ɗan Maiwake,
ɗan...

Shiru.

Na ce ta sake kunna mini tsohon.
Wannan karon yaron na kalla,
idonsa ƙur a kan leɓen kakansa,
yana kwashe abin da ke zubowa.

Akwai Gwaggo Ladiyo a Ɓatagarawa,
ita ke buga wa Baba ƙwarya tun tana budurwa.
An ce kunne ya yi nauyi, ido ya tafi.
Gobe ba zan buɗe shago ba.
Mai riga ya yi haƙuri.